Ranar da Goggo Fanta Ta Tsaya

"Kowa ya kwanta! Hajiya, fuska a ƙasa!"

Ba wani kowa a gidan, Hajiya Najeeba ce kaɗai, kuma ba ta yi saurin kwanciya ba. Ta dubi bindigar, ta dubi mai bindigar, sannan ta dubi taɓon da takalminsa ya shafa mata a sabon kafet. Ni dai a ganina taɓon ya fi ɓata mata rai. Sai da mai bindigar, Bamanga, ya ɗana kunama, ƙarfe ya ce ƙyas, sannan ta durƙusa a hankali tana salati.

Juma'a ce, rana tsaka, cikin damina. Mazan GRA duk suna masallaci, har da maigadi. Bamanga ya daɗe yana zagaya layin. Ya san Hajiya dillaliyar gwal ce, ya san sabbin kaya sun iso mata, ya san ɗakin da akwatin yake. Abin da bai gama sani ba shi ne abokin harkarsa Misbahu matsoraci ne na ƙarshe. Tun da suka tsallaka katanga hannunsa ke rawa. Suka tisa ƙeyar Hajiya zuwa ɗaki, Misbahu ya juye akwatin cikin jaka, sai jakar ta suɓuce masa — zobba suka watse, wasu suka gangara ƙarƙashin gado.

"Tsince su, ɗan iska. Da sauri!"

Bamanga ya karɓe wayoyin Hajiya guda biyu, ya tura ta banɗaki, ya kulle ƙofa. Suka fita ta inda suka shigo. Ba su san Hajiya mace ce mai waya uku ba.

A ƙarshen layin, gindin wata bishiyar maina, wata tsohuwar bas na tsaye, inji na ta kakari, an cika ta da kujerun roba na haya har rufi. Direbanta Uzairu ya riƙe sitiyari hannu biyu, gumi na bin wuyansa. Shi bai taɓa satar ko kwalin ashana ba. Yadda aka yi ya zo nan kuwa, sai mun ɗan koma baya.

In kai ba ɗan Gombe ba ne, bari in gabatar maka da motar. Sunanta Goggo Fanta. Ƙirar Jamus ce, fuska a shafe, inji a baya, fentinta ruwan goro da ya koɗe. Mahaifin Uzairu, marigayi Zaharadeen Direba, ya saye ta tun Gombe ba ta zama jiha ba, ya sa mata sunan yayar babansa, wata tsohuwa da in ta fara magana ba mai iya tsayar da ita. Suna kuwa ya bi jiki. Goggo Fanta tana tashi ba gardama, tana hawa tudu, tana ɗaukar kaya, amma tsayawa ce ba ta iya ba. Birkinta tsohon yayi ne, na dram, kuma dram ɗin sun cinye. In za ka tsaya a kasuwa, tun daga nesa za ka fara famfo da ƙafa, ka dawo giya ta biyu, ka yi famfo, ka karanta abin da ka haddace, sannan wani ya diro da waigi, guntun katakon tare mota, ya cusa a gaban taya.

Gari ya saba da ita. Ham ɗinta kamar kukan rago mai mura, kuma da an ji shi masu Keke Napep ke darewa, masu talla su janye faranti. Har 'yan sandan shingen hanyar Dukku sun saba. Tun ranar da ta kwashe musu teburin shayi da buta, ya zama doka a wurin: da an jiyo ham, a ja igiya a janye katakon nan mai ƙusoshi, a bar Goggo ta wuce. Mai jan igiyar kullum Sajan Joda ne, wani ƙato mai tumbi da ciwon gwiwa, aminin marigayi. Uzairu Bappa yake ce masa. Duk Juma'a in zai kai kujerun biki ƙauyuka sai ya ɗaga masa hannu, Joda ya bi shi da ihun a gaida mutanen gida, don ba a taɓa samun damar gaisawa a tsaye ba.

Haka ake tafiya har aka kawo sabbin jami'an duba lafiyar motoci, yara masu farar riga da ba su san Zaharadeen ba, ba su san Goggo ba. Suka tare Uzairu a shataletale. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya tsaya musu a gaban wani shagon katifa da ke can gaba. Da suka iso suna haki suka gaya masa wannan ne gargaɗi na ƙarshe. In suka sake ganin ta a titi da wannan birkin, za su ja ta, kuma daga wurinsu sai hannun 'yan gwangwan.

Uzairu ya taɓa ganin yadda 'yan gwangwan ke yanka mota da wutar gas, su ɗora ta a sikeli gunduwa-gunduwa. Ya tuno kujerar da babansa ya zauna har ta yi rami daidai jikinsa. Ranar bai iya cin abinci ba. Ba gida ya gada ba, ba gona ba, motar nan ce kawai, kuma yana son ta so na haƙiƙa, irin wanda ake yi wa mutum dariya a kai.

Magani yana nan, a garejin George, wani bakanike Batangale a bakin Shamaki. George ya samo kayan Beljiyam da za su shiga Goggo: faifan birki na gaba, sabon masta mai tura man birki, sabbin bututu, da wata baƙar tukunya mai ƙara wa ƙafa ƙarfi. Ya ajiye su a saman kanta, Uzairu kan je ya shafa su ya dawo. Hayar kujeru ba ta sayen irin waɗannan.

Ana haka Bamanga ya same shi a wurin wankin mota a Bagadaza, da la'asar. Tare suka taso, tare suka buga ƙwallo, sai dai kowa a unguwa ya san Bamanga ba ya sana'a amma ba ya maimaita shadda. Ya zagaya motar yana murmushi, ya ce ya ji labarin masu farar riga, abin bai yi masa daɗi ba. Ya ce akwai wata 'yar harka. Shi Uzairu ba zai shiga gidan kowa ba, ba zai taɓa ƙarfe ba. Tuƙi ne kawai, daga GRA zuwa bayan shingen hanyar Dukku. In ma an tambaye shi daga baya, sai ya ce da bindiga aka tilasta shi.

Uzairu ya ce ga motoci masu gudu cike da gari, me za a yi da Goggo?

"Baaba, ba ka gane ba," in ji Bamanga. "Mota mai gudu ana tsayar da ita. Taka ce kaɗai a Gombe 'yan sanda ke buɗe wa hanya da hannunsu."

Ya cusa masa kuɗi a aljihu, ya ce ya sha mai, ya canja tayar da ta suɗe. Ya riƙe masa kafaɗa ya ƙara da cewa komai zai taɓa ya taɓa, ban da birki. Birkin nan shi ne fasfo ɗinsu.

To, ka ba mai ƙaunar mota kuɗi a hannu, ka ce kada ya gyara abin da ya hana shi barci. Ko gida Uzairu bai biya ba. Kai tsaye garejin George ya nufa, yana famfo yana lissafi. Birki ai ba a fuska yake ba. Wa zai leƙa bayan taya? Zai ci gaba da famfonsa, ya ci gaba da ham, a buɗe musu shinge, kowa ya samu abin da yake so.

George bai tambayi inda kuɗi suka fito ba, ya dai dube shi ya ɗan jima. Suka ɗaga Goggo a jak, suka cire tayoyin gaba. Notunan sun yi tsatsa, sai da aka jiƙa su da baƙin mai, George ya hau kan sifana da ƙafa yana zagin Jamusawa da kakanninsu. Da dram ɗin farko ya fito, ya ɗaga shi sama ya nuna wa Uzairu rana ta cikin wata 'yar huda. Ya ce shekara da shekaru ba birki ke tsayar da motar nan ba, addu'ar Zaharadeen ce. Suka ɗaura faifai, suka ja sabbin bututu, aka yi ɗan walda don tukunyar ta samu wurin zama. Aikin ya ci musu har yammacin Alhamis.

Saura fitar da iska daga bututun birki. George ya kwanta a ƙasa da kwalba, Uzairu yana kan kujera.

"Taka. Riƙe. Saki. Taka."

Tun Uzairu yana yaro feda ɗin nan take nutsewa har ƙasa kamar ka taka tuwo. A hankali ta fara tauri. Ta ƙara tauri. Can sai ta tsaya a rabi ta ƙi gaba, ya ji kamar wani ne ya tare masa tafin ƙafa da hannu.

Suka fita gwaji a wani layi da ba kowa. Uzairu ya ɗan ba ta wuta, ya taɓa birki da yatsun ƙafa. Goggo Fanta ta tsaya. Cak, a inda aka ce mata. Ba waigi, ba salati. Uzairu ya kifa kai a sitiyari ya fashe da kuka, George ya juya yana kallon taga kamar yana neman wani. Da suka dawo gareji ya ja masa kunne. Ya ce ƙafarsa ta saba da duka, wannan birkin kuwa lallashi yake so. In ya taka shi yadda ya saba, duk wanda ke cikin motar sai ya sumbaci gilas.

A hanyar gida tunani ya zo wa Uzairu cewa ai yanzu ya samu abin da yake nema, me zai kai shi GRA? Amma ya riga ya ci kuɗin Bamanga, kuma Bamanga ba mutumin da ake ce wa an fasa ba ne.

A daidai wannan yammacin, Bamanga da Misbahu suna can bayan shingen, a wata gonar masara da ke bakin kwari, suna ɓoye babur a cikin ganye. Misbahu ya tambaya yaya mutum uku da jaka za su hau babur ɗaya. Bamanga ya ce wa ya ce masa uku ne? Ya nuna masa kwarin da baki. Zaizayar ruwa ta ci wurin ya yi zurfi, ana jiyo ruwa a ƙasa. Ya ce direba ya san sunayensu, ya san gidajensu, kuma irinsa mari ɗaya zai sha ya faɗi komai. Za a ƙwala masa ƙarfe a ƙeya, a zaunar da shi a kujerarsa, a tura motar.

"Gombe duk za ta ce dama mun faɗa, wata rana sai birkin nan ya kashe shi. Ko bincike ba za a yi ba."

Misbahu ya ce haka ne, Oga.

Safiyar Juma'a Uzairu ya sha wahalar da bai taɓa sha ba, wahalar yi wa mota ƙarya. Daga Bagadaza zuwa GRA yana ta buga ƙafa a dandamali kusa da feda don a ji ƙarar famfo, yana karkaɗa sitiyari, yana salati da ƙarfi. Da suka iso gindin maina ya sa Misbahu ya diro da waigi. Bamanga ya ɗan karkata kai ya ce yau bai ji tana ƙugin nan nata ba. Uzairu ya ce ruwan sama ne ya jiƙa dram.

To, ka ji yadda aka yi. Mu koma gindin maina.

Ƙofar gefe ta buɗe, Misbahu ya faɗo ciki da jaka, ya kutsa can baya tsakanin kujeru. Bamanga ya shige gaba, ya cire ƙyallen fuskarsa, ya ɗora bindiga a cinya ya rufe da hula.

"Mu ware."

Goggo ta yi tari ta ɗauki hanya. Suka fita daga GRA, suka ratsa gari. An idar da salla, mutane sun fara fitowa da dardumai a kafaɗa. Uzairu ya danna ham, titi ya dare. Wani dattijo ya ɗaga masa carbi, wasu samari suka yi ihun "Goggo ikon Allah!" Bamanga ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce ko gwamna sai da jiniya, su kuwa ga shi da rago mai mura.

A banɗaki kuwa Hajiya Najeeba ta kwance ɗankwalinta, ta zaro 'yar ƙaramar wayar da take amsa kiran manyan kwastomominta da ita. Ba ta yi kuka ba. Ta kira ƙaninta, ƙanin ya kira wani, wanin ya kira ofishin 'yan sanda. Ta ce mutum biyu ne, ɗaya da bindiga, ɗaya da rawar jiki. Mota kam ba ta gani ba.

Kafin Goggo ta fita daga cikin gari, oba-oba ta yi ƙara a shingen hanyar Dukku. Mai riƙe da ita Insfekta Ɗayyabu ne, sabon zuwa daga wata jiha, siriri, takalminsa na ƙyalli duk da taɓo. Ya ba da umarni a rufe hanya, kowace mota a bincike ta, ko ta uban waye. Ya ga katakon ƙusoshin a sake, ya sa aka ɗaure igiyarsa tam a jikin wata durom mai cike da yashi da ke tsakiyar titi. Gaskiya ba laifinsa, aikinsa yake yi, kuma daidai ya yi.

Sai ga kukan rago daga saman gangara.

Sajan Joda ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, Oga, wannan Goggo Fanta ce, ba ta tsayawa. Insfekta ya ce yau za ta koya. Joda ya ce ba taurin kai ba ne, birki ne babu, in tayoyinta suka hau ƙusa a wannan gangarar za ta wuntsila, kuma yaron da ke ciki ɗan amininsa ne. Insfekta ya ce kowa ya tsaya a inda yake.

Joda bai tsaya ba. Da tumbinsa da gwiwarsa ya ruga tsakiyar titi, ya kama ƙullin. Igiya ta sha ruwa, ta ƙi kwantuwa. Ya sa haƙori. Ham na ƙara matsowa. Ƙullin ya saki, ya naɗe igiyar a hannu ya ja da baya — katako ya taho, rabin hanya ta buɗe — sai takalminsa ya zame a laka. Ya faɗi rigingine, tim, igiya ta harɗe masa ƙafa. Ya faɗi ne daidai cikin 'yar hanyar da ya buɗe.

A cikin mota Uzairu ya ga komai. Dama ƙusoshi, hagu durom da ramin gefen titi, tsakiya Bappa yana ta kokawar tashi.

Bamanga ya yaye hula, ya dasa masa bakin bindiga a haƙarƙari.

"Bi ta kansa."

"Bappa ne!"

"Ko ubanka ne. Motarka ba ta da birki, gari duk shaida ne, ba mai kama ka da laifi. Ba ta wuta!"

Kuma gaskiya ya faɗa. Da makon jiya ne, da Uzairu ba shi da ta cewa, sai dai ya yi famfo ya rufe ido, a ce ƙaddara. Ko yau ɗin ma in ya bi, mutum biyu ne kawai a duniya za su san yana iya tsayawa, shi da George. In kuwa ya tsaya, ya san ya rabu da Goggo, ya rabu da gida. Duk wannan ya wuce ta kansa kafin ƙiftawar ido. Ya hango Joda ya daina kokawa da igiya, ya ɗaga masa hannu ɗaya, ba na tsayarwa ba, na ya kauce wa ƙusoshin.

Uzairu ya taka birki. Ya manta da lallashin da George ya ce. Ya taka shi da ƙafar da ta saba da duka, da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Ƙiiii —!

Tayoyi suka kafe. Goggo ta dunƙula gaba, bayanta ya ɗaga sama. Bamanga ya tashi daga kujera — bindiga ta tashi, harsashi ya huda rufi — ya fasa gilas da ka ya fice! Motar ba ta da hanci, ba abin da zai tare shi, sai da ya sauka a kan katakon ƙusoshi. Kujerun roba suka taho daga baya gaba ɗaya, rututu, suka binne Misbahu da jakarsa. Wata sarƙar gwal ta biyo su ta gilas ɗin da ya fashe, ta faɗi a kan tumbin Sajan Joda.

Sai shiru. Ƙarfen gaban motar yana saman gwiwar Joda, har yana jin ɗumin taya a ƙafarsa.

'Yan sanda suka tsaya baki buɗe. Ba bindigar ce ta ba su mamaki ba, ba sarƙar ba. Wani kurtu har ya cire hularsa ya ce, "La ilaha illallahu, Goggo ta tsaya."

Insfekta Ɗayyabu ne ya fara dawowa hayyacinsa. Bamanga ya zare jikinsa daga ƙusoshi, jini na zuba, ya rarumi bindigarsa yana ɗingishi zuwa masara. Aka ce ya tsaya. Ya juyo ya harba, bai samu kowa ba. Insfekta ya harba sau ɗaya. Bamanga bai kai asibiti ba.

Misbahu kuwa tun ana cire kujeru daga kansa ya fara bayani, ba wanda ya tambaye shi. Ya faɗi gidan Hajiya, ya faɗi babur, ya faɗi kwari da ƙarfen da za a ƙwala wa direba a ƙeya. Uzairu yana zaune a kujerarsa yana ji, ƙafarsa har lokacin tana kan birki. Ya dubi gonar masarar da ke can gaba kaɗan.

Joda ya kwance igiyar, ya tashi da ƙyar, ya miƙa wa Insfekta sarƙar. Ya zagayo wajen ƙofar direba. Tun rasuwar Zaharadeen, yau ne karo na farko da suka haɗu a wurin nan a tsaye. Ya dubi yaron, ya dubi jakar, ya gane komai, idonsa ya kawo ruwa. Insfekta ya miƙo ankwa, Joda ya ce a ba shi, shi zai sa.

"Bappa, ka ga yadda ta tsaya?" in ji Uzairu, yana kuka yana murmushi.

"Na gani, ɗana. Kawo hannunka."

Sauran labarin ba daɗi. Hajiya Najeeba ta samu gwal ɗinta, ban da zobban da ta tsinto da kanta a ƙarƙashin gado, ta kuma canja kafet. George ya kwana biyu a hannu kafin a gane shi birki kawai ya gyara, kuma tun daga nan in aka kawo masa tsohuwar mota sai ya ce ba ya yi. A kotu lauya ya so Uzairu ya ce tilasta shi aka yi, kamar yadda Bamanga ya tsara. Ya ƙi. Ya ce da ƙafarsa ya je. Joda ya tsaya a gaban alƙali da kakinsa ya ce ran da yake numfashi da shi yanzu yaron nan ne ya bar masa. Alƙali ya saurara, ya sassauta, amma fashi da makami fashi da makami ne. Shekarun da aka yanka wa Uzairu, in ya fito furfura ta fara masa.

Goggo Fanta tana bayan ofishin 'yan sanda, cikin motocin da aka riƙe don shaida. Tayoyinta sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, wata kaza ta mai da kujerar baya wurin ƙwai. 'Yan gwangwan sun zo sun zagaya ta ba sau ɗaya ba, Joda yana kora su da kulki. An gama shari'a amma takardar sakinta ta maƙale a wani ofis, kuma ko an sake ta ba mai tuƙa ta.

Ran da Joda ya fara kai wa Uzairu ziyara gidan yari, ya tafi masa da ƙosai da sabulu, ya ce ya faɗi duk abin da yake so. Uzairu ya ce abu ɗaya ne. George ya gaya masa birki in ya daɗe ba a taɓa shi ba, tsatsa ke kama shi ya ƙage. Ko Bappa zai riƙa ɗan taka masa shi?

Shi ya sa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci za ka ga wani ƙaton sajan ya nufi bayan ofis yana ɗingishi. Ya kori kaza, ya hau da ƙyar, ya zauna a ramin da jikin Zaharadeen ya bari a kujera. Ya taka, ya riƙe, ya saki. Kurata sun yi masa dariya har sun gaji sun daina.

In ya je ziyara, kafin ma su gaisa Uzairu yake dubansa ta bayan ragar ƙarfe. Joda sai ya gyaɗa kai.

"Yana kamawa, ɗana. Har yanzu yana kamawa."